Zare a cikin kankare: nawa murfin lambatu zai ɗauka, kuma yaya zai lotsa?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina da wurin buga bulo da murafun lambatu a nan Kano, wajen Sharaɗa. Kuɗin rodi ya ishe ni. Wani dillali ya kawo mini zaren roba a leda, siriri kamar gashi, ya ce in na zuba kusan kilo ɗaya a kowace kubik mita ta kankare, na huta da sayen rodi. Murfina faɗinsa santimita 50, kaurinsa 7 da rabi, bakin lambatun kuma 60. Ta yaya zan lissafa nauyin da zai ɗauka da yadda zai lotsa kafin in sayar wa mutane?

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Kada ka cire rodinka saboda wannan ledar. Zaren da aka kawo maka yana da amfani, zan zo kansa, sai dai ba shi ne amfanin da aka faɗa maka ba. Tunda lissafi ka nema, bari mu yi shi da murfinka, don gobe in wani ya kawo wani zaren ka iya auna maganarsa da kanka.

Kankare mai zare yana da rayuwa biyu: kafin ya tsage da bayan ya tsage. Kowacce da lissafinta. Rikicin da ake yi a kasuwa duk daga haɗa su wuri ɗaya yake tasowa.

Ɗauki karan dawa ka lanƙwasa shi a gwiwarka. Gefen da ke manne da gwiwar matsewa yake yi, na waje kuma miƙewa, kuma daga wajen zai fara dārewa. Haka murfinka yake idan taya ta hau tsakiyarsa: samansa na shan matsi, ƙasansa na shan ja, a tsakiyar kaurin kuma akwai wani layi da babu ja babu matsi. Kankare gwarzo ne wajen matsi, rago ne wajen ja. Abin da yake iya jurewa na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na matsi ba. Don haka daga ƙasa yake mutuwa, inda ido ba ya gani.

Abin da muke aunawa shi ne takura, wato yawan ƙarfin da ya faɗa wa kowace murabba'in milimita ɗaya ta jikin kankaren. Ma'auninta megafaskal, wato niwton ɗaya a kan murabba'in milimita ɗaya. Kilo ɗaya kuma kusan niwton 10 ne. Kankaren da aka kwaɓa da kyau, wanda ke ɗaukar matsi 25, yakan tsage in takurar ja ta wajen lanƙwasa ta kai kamar 3 zuwa 4. Mu ba murfinka 4, mu yi masa adalci.

Idan nauyi P ya sauka a tsakiya, tazarar da ke tsakanin madogarai biyu L ce, faɗi b, kauri h, to takurar da ke ƙasan murfin ita ce 3PL a raba da 2bh². Mu juya ta mu nemo nauyin. Duk a milimita: b 500, h 75, L 600. Kauri sau kansa 5,625. Sau faɗi ya zama 2,812,500. Ka ninka da 2, ka ninka da 4, ka samu 22,500,000. Ka raba da 1,800, wato 3 sau 600. Amsa niwton 12,500, kusan kilo 1,270. A nan murfin zai tsage. Na ɗauki 600 ne don sauƙi. A aiki, tazarar daga tsakiyar inda murfin ya zauna a wannan gefe zuwa tsakiyar na wancan gefen ake aunawa, don haka ta kan kai 675, nauyin ya sauko zuwa niwton 11,100. Idan kuma yaranka suna tsuga ruwa a kwaɓin don ya yi musu sauƙin zubawa, ƙarfin ya faɗo 2.5, to kilo 800 ma da ƙyar.

Sai lotsawa. Ita kuma PL³ ce a raba da 48EI. E shi ne taurin kayan, na kankare irin naka kamar 25,000. I kuma lamba ce da ke nuna yadda siffar murfin ke ƙin lanƙwasa, bh³ a raba da 12, wanda a naka ya kama 17,578,125. Ka zuba niwton 12,500 ɗin a ciki, za ka samu milimita 0.13. Kaurin takarda ɗaya da ɗan ɗori. Ka ji fa: murfin na dab da karyewa, amma lotsawarsa da kaɗan ta fi kaurin takardar littafi. Ƙa'idar da muke aiki da ita a gini ta yarda da lotsawa har tazara a raba da 250, wato milimita 2.4 a naka. Ba za ka taɓa kaiwa nan ba matuƙar murfin bai tsage ba. Azara a tsohon soron cikin birni sai ta yi shekaru tana lotsawa, mai gida na kallo, har ya samu ya tokare ta. Kankare zalla ba ya wannan kara. Yana tsaye ƙyam, sai kawai ka ji ƙas.

To, ina zaren ya shigo cikin wannan lissafin? Kusan babu. Kubik mita ɗaya ta robar da ake yin wannan zaren tana da nauyin kilo 910 ko kusa. Giram 900 da ake zubawa ke nan kashi 0.1 cikin ɗari na cikin kankaren. Taurin robar kuma bai kai na kankaren ba ma, ya yi ƙasa da shi sau da yawa. Abu mai laushi, ɗan kaɗan, a cikin abu mai tauri: yaya za a yi ya ƙara masa tauri? Bari ma mu ɗauki zaren ƙarfe, wanda taurinsa 200,000 ne, ninki takwas na kankare. Kilo 40 a kubik mita, wanda zubi ne mai kyau, kashi 0.5 ne cikin ɗari. Zaruruwan kuma a warwatse suke, kowanne da inda ya fuskanta, don haka kusan ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu ne ke aiki a ɓangaren da ake ja. Ka ninka 200,000 da 0.005 da 0.2, ka samu 200. Ka haɗa da 24,875 na kankaren da ya rage: 25,075. Daga 25,000 zuwa 25,075. Bambancin da ke tsakanin kwaɓin safe da na yamma a wurinka ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Abin da ke mulki a wannan rayuwa ta farko kauri ne. Ƙarfi yana tafiya da kauri sau kansa, tauri kuma da kauri sau kansa sau kansa. Ka mai da murfin milimita 100, nauyin tsagewa ya tashi zuwa niwton 22,200, lotsawa kuma a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya ta ragu fiye da rabi. Ka rage shi zuwa 50, kamar yadda nake gani ana jerawa a bakin titi don araha, ya faɗo 5,550. An rage sulusin kankare, an zubar da fiye da rabin ƙarfi.

Yanzu rayuwa ta biyu, inda ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Da tsaga ta buɗe a ƙasa, kankaren da ke wurin ya ajiye aikinsa. Ja ɗin da yake ɗauke da shi dole wani ya karɓa nan take. In babu kowa, tsagar ta haura sama cikin ƙiftawar ido, murfin ya rabu biyu. In akwai zare, zaruruwan da suka ratsa tsagar, kai ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, su ke riƙe bakinta kamar ɗinkin ƙwarya. Layin nan da babu ja babu matsi sai ya bar tsakiya ya hau sama, ya koma kamar rubu'in kauri daga saman ko ma ya fi haka kusa da saman. Matsi ya taru a ɗan siririn wuri a sama, zaruruwa kuma su raba ja a duk sauran kaurin. Wannan hawan layin alheri ne: ya ba zaren fili mai faɗi da hannu mai tsawo. Shi ya sa, in ka yi lissafin da layin a rubu'in kauri, za ka ga zaren ba sai ya kai ƙarfin kankaren ba. In ya iya riƙe kamar kashi 41 cikin ɗari na takurar da ta tsaga shi, murfin zai ci gaba da ɗaukar nauyin da ya tsaga shi. In ya gaza haka, nauyin da murfin zai iya ɗauka sai ya faɗi. Yawancin zubin da ake yi a kasuwa a wannan rukuni na biyu yake, kuma zaren gashin da aka kawo maka yana can ƙasan rukunin, dab da sifili.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. Ba a son zaren ya tsinke. Ana son ya riƙa zamewa daga cikin kankaren sannu a hankali, yana turjiya, domin wannan turjiyar ce ke cinye ƙarfin bugun. Don haka ake lanƙwasa bakin zaren ƙarfe kamar ƙugiya, ake yinsa da tsawon milimita 50 zuwa 60 da kauri ƙasa da milimita ɗaya ko daidai da ita. In ya yi gajere, ya zare ba wahala. In ya yi tsawo da siranta da yawa, ya dunƙule a injin kwaɓi kamar sheƙar tsuntsu, ka samu wuri ɗaya cunkus, wani wurin fayau. Binciken zamani kan zaren ƙarfe ya kankama ne a Amurka a 1963 da aikin Romualdi da Batson, kuma tun lokacin abin da gwaje-gwaje ke ta nunawa shi ne ribar zare ba a nauyin tsagewa take ba, a nacin da ke biyo baya take.

Wannan nacin ba a samo shi da biro, sai an gwada. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 14651 ta ce a zuba ɗan bim, wato sandar kankare, mai milimita 150 da 150, tsawo 550, a yanka masa tsagi mai zurfin 25 a ƙasa don tsagar ta san inda za ta fito, a ɗora shi a tazarar 500, a danna a hankali ana auna buɗewar bakin tsagar. Ana rubuta nauyin da yake riƙe da shi a buɗewar milimita 0.5, 1.5, 2.5 da 3.5. Ta Amurka, ASTM C1609, lotsawa take bi, tana karanta nauyi a tazara a raba da 600 da kuma a raba da 150. Sai a zuba nauyin a lissafin takurar lanƙwasa, wanda a ƙa'idar Turai shi ne irin na 3PL a raba da 2bh², a kira abin da ya fito ragowar ƙarfi. Ka lura, wannan lambar yarjejeniya ce kawai. Lissafin an gina shi ne kan abin da bai tsage ba, don haka ba ita ce ainihin takurar da ke cikin tsagar ba; ta gaskiyar kusan sulusinta ce. Na sha ganin ɗalibai sun ɗauki ragowar ƙarfin nan sun sa ta kai tsaye a matsayin ƙarfin ja, aikinsu ya fito da ƙarfi ninki uku a takarda. Kundin fib, ƙungiyar injiniyoyin kankare ta duniya, na 2010 ya kuma gindaya sharaɗi kafin a bar zare ya maye gurbin rodi ko da wani ɓangare: ragowar ƙarfi a buɗewar 0.5 ta wuce kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin tsagewa, ta buɗewar 2.5 kuma ta wuce rabin ta 0.5 ɗin. Waɗannan lambobin za ka nema a hannun dillalinka. In ya kawo maka takardar da ke nuna ƙarfin matsi kaɗai, bai amsa tambayar ba.

Mu koma kan murfinka. A ce ka samu zare na gaske, na ƙarfe ko babban na roba mai kauri, gwaji ya ba da ragowar ƙarfi 1.5. Misali nake bayarwa, naka sai abin da gwaji ya nuna. Nauyin da tsagaggen murfin zai riƙe ya zama 12,500 sau 1.5 a raba da 4, wato niwton 4,690. Ka raba da 1.5 na kariya, saura 3,125, kilo 320 ke nan. Mai tafiya a ƙasa, mai babur, mai baro, duk lafiya lau. Yanzu ka sa rodi uku masu milimita 10 a ƙasan murfin, tsakiyarsu na milimita 50 daga sama. Faɗin bakinsu gaba ɗaya murabba'in milimita 236. Da ƙarfin rodi 410, bayan an cire kariya, za su ja kusan niwton 84,000, kuma murfin zai ɗauki sama da tan 2 a tsakiya. Kilo 320 a nan, tan 2 a can. Dalilin a fili yake: rodi ya tara ƙarfensa duka a inda ake ja, ya kuma miƙe daidai hanyar da ake ja. Zare kuwa rabinsa na sama inda ba a buƙatarsa, sauran kuma kowa ya kama gabansa.

Ita ma lotsawa bayan tsagewa ta bar PL³ a raba da 48EI. Murfin ya zama ɓari biyu masu tauri da ke juyawa a kan tsaga ɗaya, kamar ƙyaure a kan hinji. Lissafinta na awo ne kawai: buɗewar tsaga, sau rubu'in tazara, a raba da zurfin tsagar. Tsaga mai buɗewar milimita 1, zurfinta kamar 67, rubu'in tazara 150: lotsawa milimita 2.2. Ninki goma sha bakwai na abin da ya yi duk tsawon rayuwarsa ta farko. Ma'ana, a kankare mai zare, in ka kula da faɗin tsaga ka kula da lotsawa. Kuma ba ta tsayawa nan in nauyin na dindindin ne. Kankare da kansa yana ci gaba da lotsawa a hankali cikin shekaru, har ninki biyu ko uku na ranar farko. Zaren roba da ke riƙe da tsaga shi ma yana miƙewa sannu sannu, zafi kuma na ƙara masa, ga shi a Kano watan Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle kankaren da ke kwance a rana. Na ƙarfe ba ya wannan miƙewar, amma a kan lambatu tsagar da ta buɗe ƙofa ce ga danshi, siririn zare kuma ba ya daɗewa a hannun tsatsa.

Na taɓa zuwa duba wani gida da aka rufe lambatun ƙofarsa da murafu marasa rodi. Wata shida motar mai gidan na shiga tana fita lafiya, har ana yabon mai aikin. Ranar da tankar ruwa ta ja da baya ta hau, uku suka tafi lokaci ɗaya. Tanka mai lita 10,000, ruwanta kaɗai tan 10 ne. Kai da ke sayar da murfi ba ka da iko da abin da zai hau shi.

Zaren ledar nan, to, mene ne aikinsa? Sa'o'in farko. Lokacin hunturu, iska busasshiya na zuƙe ruwan saman ɗanyen kankare kafin ya kama jikinsa, sai ya yi tsage-tsage kamar ƙasan tafki a rani. A lokacin kankaren bai fi kunu tauri ba, don haka ko zaren gashi ya fi shi ƙarfi, yana kuwa hana tsagar buɗewa sosai. Yana kuma rage ɓantarewar gefe wajen lodi da saukewa. Don wannan, ka zuba abinka, tare da rodin. Amma ba ya ɗauke maka rufe murafun da buhu ko leda da ba su ruwa aƙalla kwana bakwai.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maginan da suka ɗaga badala da Gidan Makama da yankakkiyar ciyawa suke cuɗa ƙasa, don ta hana ta dārewa in ta bushe. Amma ba su taɓa ɗora rufi a kan ciyawar ba. Da aka zo tsallake ɗaki, azara suka sa. Sun raba aikin daidai yadda muke raba shi tsakanin zare da rodi. Wasu kan tambaye ni ko za a iya sa rama, tunda muna da ita. Ana iyawa, kuma a watannin farko tana aiki. Matsalar ita ce ruwan da ke cikin siminti kaifi gare shi kamar ruwan toka mai ƙarfi, yana cin zaren tsiro, ƙwayoyin farar ƙasa kuma su shige cikinsa su sandarar da shi, bayan damina kaɗan ya koma mai ƙaryewa. Maye wani kaso na simintin da tokar ɓuntun shinkafa da aka ƙona da kyau aka niƙa yana rage wannan kaifin, ɓuntu kuwa ga shi nan tuli a wajen Kura. Inda zare ke ɗaukar nauyi da gaske shi ne inda aka cika shi da yawa a abu siriri, kamar kwanon rufi da silin na asbestos da Ludwig Hatschek ya ƙirƙiro a Ostiriya wajen 1900, wanda zare ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa. Ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu, shi ya sa ƙasashe da yawa suka hana shi. In ka ci karo da tsohonsa kada ka yanka shi a bushe. Ka kwatanta wannan yawan da 0.1 naka.

Gani ya kori ji, kuma kana iya gwadawa a filinka. Ka zuba sanduna masu faɗin milimita 100, kauri 75, tsawo 700: shida da zare, shida babu, daga kwaɓi ɗaya. Kada ka yi ɗaya ɗaya, don a siririn abu irin wannan sakamako na warwatsuwa ƙwarai. Bayan kwana 28 ana ba su ruwa, ka ɗora kowacce a kan bututun ƙarfe biyu masu tazarar 600, ka gitta wani bututun a tsakiya, ka rataya masa katako da za ka riƙa jera nauyi. Tunda faɗin kashi ɗaya cikin biyar ne na murfinka, lissafi ya ce za ta tsage a wajen kilo 250, buhun siminti biyar ko jarkar 'yan garuwa goma masu lita 25. Za ka ga masu zare da marasa zare sun tsage kusan wuri ɗaya. Dabarar ita ce ka sa wani abu mai tauri a ƙarƙashin tsakiyar sandar, ka bar ratar milimita 1, don in ta tsage ta zauna a kai kada ta faɗi. Sai ka sauke nauyin duka, ka ƙara ratar zuwa milimita 2, ka sake lodi da kaɗan kaɗan, rabin jarka rabin jarka, har ta sake taɓawa. Abin da ta ɗauka a wannan zagaye na biyu shi ne abin da zaren ya saya maka. Yara su janye ƙafafunsu daga ƙarƙashi. In kana son lambar da za ka nuna wa mai kwangila, ka kai samfur ɗakin gwajin sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero ko na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ka tambaya tun farko ko injinsu na iya riƙe lotsawa yana karanta nauyi bayan tsagewa, don injin da ke danna nauyi kawai lambar tsagewa zai ba ka ya tsaya.

Da ni ne kai, kashi biyu zan raba kayan. Na gefen hanya inda ƙafa da babur kaɗai ke bi, a nan za a iya maganar rage rodi da babban zare, bayan gwajin ya nuna. Na ƙofar gida da na shago, kauri 100, rodi a ƙasa da kankaren milimita 25 a ƙarƙashinsa, zaren ledar kuma a matsayin ƙari. Inda tifa ko tanka za ta bi, wannan ba kayan jerawa a bakin titi ba ne, a kawo tazarar da nauyin a zana shi daban. Kuma ka sa a riƙa yi wa saman kowane murfi alama tun yana ɗanye, domin murfin da rodinsa ke ƙasa, in lebura ya kifa shi, rodin ya koma inda ake matsi, ka dawo kan lissafin farko na murfin da babu rodi.